Komai Nisan Jifa: Yadda Kango Ya Zama Masaukin Roka

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 1962, wani sojan Amurka mai suna John Glenn ya ratsa ta saman ƙasar Hausa cikin kumbo, yana gudun da ya haura kilomita 28,000 a awa guda. A lokacin hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta kafa a kewayen duniya don kada muryar matuƙin ta ɓace mata. Da Glenn ya leƙo ta taga, sai ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka ce masa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ko Azare ko Misau ya san wace ƙura ce wannan.

Glenn ya zagaya duniya sau 3, kumbonsa ya faɗa Tekun Atlantika, aka tsamo shi lafiya lau. Rokar Atlas da ta ɗaga shi kuwa ta tarwatse, har aka tsinci wasu ɓaraguzanta a Afirka ta Kudu. Babu wanda ya yi juyayin haka, domin tun da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, kowace roka tafiya ɗaya take yi. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma roka ma faɗowa take yi, sai dai a ƙone ko a farfashe. Abin ya yi kama da a sayi sabuwar tirela, a loda mata buhunan riɗi daga Misau zuwa Azare, da an sauke kaya a cinna mata wuta, gobe a sayo wata. Man da roka ke sha bai kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin tafiyar ba. Jikinta da injinanta su ne dukiyar, su kuma ake zubarwa a teku. Amurka ta gwada kumbon Shuttle mai komowa daga 1981 zuwa 2011, amma gyaransa bayan kowace tafiya ya ci kuɗi da lokaci har sauƙin da ake nema bai samu ba.

Glenn ya tashi ne daga dandamali na 14 a Cape Canaveral, wani zirin yashi da fadama a gaɓar jihar Fulorida. Maƙwabcinsa ta kudu shi ne dandamali na 13, kuma a kansa wannan labari zai tsaya.

An gina dandamali na 13 don gwajin makamai masu linzami, aka fara harbi daga cikinsa a 1958. Daga baya ya koma aikin bincike. Daga nan ne aka harba kumbuna 5 masu suna Lunar Orbiter tsakanin 1966 da 1967, waɗanda suka ɗauko hotunan wata don a zaɓi inda 'yan sama-jannatin Apollo za su sauka. A 1978 aka yi harbi na ƙarshe, aka rufe ƙofa. Iskar teku mai gishiri ta kama ƙarafan hasumiyarsa da ci, tsatsa ta gama da ita, har ta zama haɗari ga mai wucewa. Ranar 6 ga Agustan 2005 aka dasa mata nakiya aka kayar da ita. A 2012 aka rushe ginin da injiniyoyi ke fakewa a ciki lokacin harbi. Wurin ya koma kango, ciyawa da ƙananan itatuwa suka rufe shi.

A wancan ɓangaren ƙasar, a Kalifoniya, wani ɗan kasuwa haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Elon Musk ya kafa kamfanin SpaceX a 2002, da niyyar karya farashin zuwa sararin samaniya. Rokarsa ta farko, Falcon 1, ta faɗi sau 3 a jere tsakanin 2006 da 2008. Kuɗi sun kusa ƙarewa lokacin da ta huɗu ta isa falaki ranar 28 ga Satumban 2008. Da aka ƙera babbar roka Falcon 9, sai aka ɗaura wa ɓangarenta na ƙasa lemar sauka, a ga ko za ta sauko da shi a hankali. Zafin gogayya da iska ya wargaza shi tun kafin lemar ta buɗe. Daga nan injiniyoyin suka yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka wauta ce: rokar ta juyo da kanta, ta yi birki da wutar injinta, ta dira a tsaye a kan ƙafafunta. Suka ƙera ta gwaji mai suna Grasshopper, suka riƙa tsallake da ita a filinsu na McGregor a jihar Tekzas, daga 'yan mitoci har ta kai mita 744 a Oktoban 2013, ta sauko inda ta tashi.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake so a yi. Falcon 9 tana da tsawon mita 70. Ɓangarenta na ƙasa, wanda ake son ya dawo, ya haura mita 40, wato tsayin bene mai hawa 14, yana da injina 9 masu ƙona tataccen kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Bayan kimanin minti biyu da rabi da tashi, yana rabuwa da na sama a nisan kilomita 70 ko kusa da haka, yana gudun dubban kilomitoci a awa. Sai ya wuntsila, ya kunna injina 3 su turo shi baya. Idan ya kusa shiga iska mai kauri ya sake kunnawa don rage gudu, kada ya ƙone. Wasu fikafikai 4 masu raga-raga da ke wuyansa su ne sitiyarinsa. Daf da ƙasa sai ya kunna injin ɗaya, ya ware ƙafafu 4. A nan wuyar aikin take: tankunansa sun kusa zama fanko, ya yi sakayau, har injin ɗaya tak, ko an rage masa wuta iya ragewa, ya fi ƙarfin nauyinsa. Saboda haka ba zai iya tsayawa cik a iska ya daidaita ba. Dole gudunsa ya ƙare daidai lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa. In ya yi saurin kunnawa zai tsaya a sama ya sake hawa, in ya yi jinkiri ya daki ƙasa ya fashe. Babu mai tuƙa shi daga ƙasa. Kwamfutar da ke cikinsa ce ke lissafin, da tsarin da ayarin wani injiniya mai suna Lars Blackmore ya rubuta.

An fara gwajin a kan teku, nesa da jama'a, bisa wani faffaɗan jirgin dakon kaya da aka mayar dandamali mara matuƙi. Ranar 10 ga Janairun 2015 rokar ta iso jirgin, amma man da ke motsa fikafikanta ya ƙare, ta faɗo a karkace ta yi bindiga. Aka ƙara yawan man. Ranar 14 ga Afrilu ta taɓa dandamalin, wani bawul ya yi nawa wajen amsa umarni, ta yi tangaɗi ta kife. Aka gyara bawul. Ranar 28 ga Yuni sai babbar musiba ta auku: wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da tukunyar iska a cikin tanki ya karye, rokar ta tarwatse gaba ɗaya da kayan da take kai wa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Kamfanin ya yi kusan wata 6 bai harba komai ba.

Duk wannan yana faruwa, magina suna can suna aiki a kango. A Fabrairun 2015 rundunar sojin saman Amurka ta ba SpaceX hayar dandamali na 13 na shekara 5. Katafila ta share daji, aka baje ƙasa aka danne ta, aka shimfiɗa rodi, aka zuba kankare. Abin da ya fito daɓe ne zagayayye mai faɗin mita 86, an kewaye shi da dannanniyar ƙasa, an zana babban harafin X na tambarin kamfanin a tsakiyarsa. Aka kafa bututun feshin ruwa da ake sarrafawa daga nesa saboda gobara, da wata matattara ta ƙarfe inda ƙugiya za ta ɗora rokar a naɗe mata ƙafafu kafin a kwantar da ita a mota. Aka sa wa wurin suna LZ-1, masauki na farko. Mutanen da suka zuba wannan kankare suna gina wa baƙon da bai taɓa zuwa ba ne, wanda kuma har lokacin duk inda ya nufa sai ya fashe.

Ranar Litinin, 21 ga Disamban 2015, da ƙarfe 8:29 na dare agogon Fulorida, wato 2:29 na daren wayewar Talata a Misau, Falcon 9 ta tashi daga dandamali na 40 ɗauke da taurarin sadarwa 11 na kamfanin Orbcomm. Wata guda kafin nan, kamfanin Blue Origin ya saukar da ƙaramar rokarsa a tsaye a Tekzas, amma ita leƙa bakin sararin samaniya kawai ta yi ta dawo. Ta wannan dare kuwa kaya ta ɗauka zuwa falaki. Bayan kimanin minti 10, mutanen gaɓar suka ga wani ƙwallon wuta yana saukowa daga duhu. Sai ƙara kamar aradu ta girgiza tagogi, irin wadda abu ke yi idan gudunsa ya zarce na sauti. Musk da kansa ya faɗa daga baya cewa da ya ji ƙarar ya ɗauka rokar ta fashe. Da hayaƙi ya washe, sai ga ta tsaye a tsakiyar daɓen, ƙafafu 4 a ƙasa. Ma'aikatan kamfanin a Kalifoniya suka ɓarke da sowa, wasu suna kuka. Gani ya kori ji. Wannan roka tana nan a kafe a ƙofar masana'antar da aka ƙera ta a garin Hawthorne.

Daga nan masauki ya fara yaɗuwa. Ba kowace tafiya ce ke barin man da zai isa a komo gida ba. Idan kayan sun yi nauyi ko falakin ya yi nisa, sai a tari rokar a teku, ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓa. Ranar 8 ga Afrilun 2016 aka samu sauka ta farko lafiya a kan jirgin, wanda faɗinsa ya kai kimanin mita 50, tsawonsa 90, injina suna riƙe shi wuri ɗaya duk da igiyar ruwa. Ranar 30 ga Maris 2017 aka sake harba wannan rokar da aka tara a teku, ta kai kaya ta kuma dawo. A ranar ne aka tabbatar cewa dawo da roka ba burga ba ce, kasuwa ce.

Najeriya ma ta shiga wannan labari, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. Ranar Asabar, 3 ga Yunin 2017, cikin watan azumi, da ƙarfe 10:07 na dare agogonmu, wata Falcon 9 ta tashi da kumbon Dragon zuwa tashar sararin samaniya. A cikin kayan akwai wani ɗan ƙaramin tauraro mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kimanin kilo 1, sunansa NigeriaEduSat-1. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi shi tare da Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, cikin shirin da ya haɗa da Gana, Mongoliya da Bangaladesh. Kafin minti 8 su cika, rokar da ta ɗaga shi ta dawo ta tsaya a LZ-1, sauka ta 5 da aka yi a wurin. Ranar 7 ga Yuli aka saki tauraron daga tashar ya shiga falaki. Rokar ta sake tafiya a Disamban wannan shekara, ta sake dawowa, yanzu tana gidan tarihin sararin samaniya na birnin Houston.

Tsarin farko na LZ-1 ya nuna babban daɓe ɗaya da ƙanana 4 a kewaye. Ba a gina ƙananan ba. A maimakonsu an zuba babba na biyu, LZ-2, kusa da na farko, saboda wata roka mai suna Falcon Heavy wadda aka haɗa ta da ɓangarori 3. Ranar 6 ga Fabrairun 2018 ta tashi karon farko, kuma biyu na gefe suka dawo tare, kafaɗa da kafaɗa, suka dira kusan a daƙiƙa ɗaya, kowace a daɓenta. Ta tsakiyar, wadda aka nufa da jirgin teku, ta faɗa ruwa saboda biyu daga injinanta sun ƙi kamawa. A Oktoban wannan shekara aka buɗe wani masauki, LZ-4, a sansanin Vandenberg na Kalifoniya, da rokar da ta kai wa Ajantina tauraro.

Akwai hikima guda a tsarin da ta cancanci a tsaya a kanta. Rokar da ke dawowa ba daɓen take nufa kai tsaye ba. Teku take nufa, ɗan nesa da gaɓa, sai kwamfutarta ta tabbatar komai lafiya sannan ta karkato. Ranar 5 ga Disamban 2018 famfon fikafikan wata roka ya tsaya, ta kama juyi a iska. Ba ta karkato ba. Ta sauka a ruwa, ba ta taɓa kowa ba. Waɗanda suka tsara abin sun yi tanadin ranar da zai ɓaci tun kafin ya ɓaci.

Mafi girman gini kuwa a ƙarshen kudancin Tekzas aka yi shi, a Boca Chica, daf da iyakar Meziko. An aza tubali a Satumban 2014, sai aka tarar ƙasar laka ce, ba za ta ɗauki nauyi ba. Tifofi suka yi ta jigila har aka jibge ƙasa sama da mita kubik 200,000, aka bar tulin ya danne lakar ya matse ruwanta kafin a yi gini. A nan ake ƙera Starship, roka mafi girma da aka taɓa harbawa, mai tsawon kimanin mita 120. Ɓangarenta na ƙasa kaɗai mita 71 ne, da injina 33. Ranar 20 ga Afrilun 2023, a tashinta na farko, wutar injinan ta fasa kankaren da ke ƙarƙashinta, ta haƙa rami, ta watsa ɓaraguzai, ƙura ta sauka har garin Port Isabel mai nisan kilomita 10. Aka cike ramin, aka ƙarfafa harsashi, aka shimfiɗa farantin ƙarfe mai tsartuwar ruwa. A Nuwamba aka sake harbawa, dandamalin ya tsira.

Wannan roka ba a yi mata ƙafafu ba, don ƙafa nauyi ce. An gina hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 146, aka ɗaura mata hannaye biyu masu buɗewa da rufewa. Ranar Lahadi, 13 ga Oktoban 2024, bayan minti 7 da tashi, ɓangaren ƙasan ya dawo daga sama, ya rage gudu, ya shige tsakanin hannayen, suka rungume shi yana reto bai taɓa ƙasa ba. An maimaita hakan a Janairu da Maris na 2025, an kuma gina hasumiya ta biyu a gefe.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi wanda ya ji jiki. A da Boca Chica ƙauye ne mai 'yan gidaje, akasarin mazaunansa tsofaffi masu ritaya. A 2019 kamfanin ya aika musu takardun tayin sayen gidajensu, mafi yawa suka sayar suka tashi, wasu ba da son rai ba. Hanya ɗaya ce ke zuwa bakin tekun, kuma ana rufe ta duk lokacin gwaji. Wurin yana maƙwabtaka da gandun da aka keɓe wa tsuntsaye da kunkurun teku, kuma 'yan asalin yankin na ƙabilar Carrizo Comecrudo suna ɗaukarsa ƙasa mai alfarma. An shigar da ƙararraki a kotu. A Mayun 2025 aka kaɗa ƙuri'a wurin ya zama gari mai suna Starbase, 212 suka amince, 6 suka ƙi, kuma akasarin masu ƙuri'ar ma'aikatan kamfanin ne. Duk al'ummar da babban aiki zai sauka a gonakinta ya kamata ta karanta wannan babi da kyau.

LZ-1 ya karɓi baƙonsa na ƙarshe ranar 1 ga Agustan 2025, rokar da ta ɗaga 'yan sama-jannati 4. Haya ta ƙare, hukuma ta ware filin ga wasu ƙananan kamfanonin roka, SpaceX kuma ya koma gina sabon masauki a gefen dandamali na 40. A cikin shekara 10 ɗin nan abin da ya kasance abin al'ajabi ya zama aikin yau da kullum. A 2024 kaɗai rokokin Falcon sun tashi sau 134. A 2025 jimillar sauka lafiya ta haura 500, roka ɗaya ta yi tafiya 30, kuma a Nuwamba babbar rokar Blue Origin ita ma ta dira a kan jirgi a teku. Sauƙin da aka samu shi ya ba da damar harba dubban taurarin Starlink, wanda ya fara ba da intanet a Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya bi labarin nan daga farko zai ga babu tsafi a cikinsa. Mai ya ƙare, aka ƙara. Bawul ya yi nawa, aka gyara. Ƙarfe ya karye, aka binciko dalili. Kankare ya fashe, aka sake zubawa da dabara. Kowace faɗuwa an rubuta sanadinta, ba a jingina ta ga ƙaddara kawai an tafi ba, kuma ba a bari an faɗi sau biyu a rami ɗaya ba. Aikin kuma bai tsaya a hannun masu lissafi ba. Da masu walda, da birkiloli, da direbobin tifa da ƙugiya, da matuƙan jiragen ruwa aka yi shi.

Najeriya ta kafa NASRDA tun 1999. Ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 daga Sin a 2007, kuma injiniyoyinmu ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Hukumar tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas, tana kuma da cibiyar auna doron ƙasa da motsinsa a Toro, nan cikin jiharmu ta Bauchi. Ƙofar tana kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Kirana ga iyaye da malamai a Misau, Azare, Katagum da kewaye shi ne mu riƙe yaron da ke kwance rediyo ya mayar, da yarinyar da ke son lissafi, mu kai su gaba har Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gaɗau ko Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mu daraja makaniki da mai walda yadda muke daraja mai riƙe da biro. Ga matasa kuma: in abin da kuka haɗa ya lalace, kada ku yar da shi sai kun gano abin da ya lalata shi, kun rubuta, kun gyara, kun sake gwadawa. Allah ya ba mu haƙuri da naci, ya sa ilminmu ya amfani ƙasarmu.